Fantômas ko Les Vampires: wanne mai tara kayan tsofaffin fina-finai zai fara zuba wa kuɗinsa?

Duk wanda ya fara shiga harkar tsofaffin fina-finan nan marasa magana, musamman na ɓarayi da 'yan sanda, ba ya daɗewa zai ci karo da sunaye biyu, Fantômas da Les Vampires. Dukkansu na Faransa ne, dukkansu kamfanin Gaumont ne ya yi su, kuma darakta ɗaya ne, Louis Feuillade, wanda ya zama shugaban tsara fina-finan kamfanin a 1907 bayan Alice Guy ta bar kujerar. Tsakaninsu ma bai fi shekara biyu ba. To shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka abu ɗaya ne, duk wanda ka samu ka saya, alhali in ka zo maganar tarawa, wato ka ware kuɗi kana bin faifai da littafi da fosta da kati ɗaya bayan ɗaya, hanyoyin nan biyu sun rabu sosai, kuma wanda aljihunsa ba zai ɗauki biyun a lokaci guda ba gara ya san bambancin tun kafin ya fara.

Ni dai ra'ayina tun daga farko shi ne, in kallo kawai kake so ka more to Les Vampires ya fi daɗi, amma in tarawa ce a ranka to Fantômas za ka fara da shi. Bari in yi bayanin dalili dalla-dalla, don akwai mutumin da shawarar nan ba za ta dace da shi ba.

Fantômas littafi ne kafin ya zama fim. Marubuta biyu ne, Pierre Souvestre da Marcel Allain, suka fara fitar da shi a watan Fabrairun 1911 a kamfanin ɗab'i na Fayard, kuma kusan kowane wata sai sun saki sabon littafi mai kauri har suka yi 32 zuwa 1913, ana sayar da kowanne santim 65, kuɗin da lebura ma zai iya cirewa. Gaumont suka ga yadda mutanen Paris ke wawar littafin sai suka sayi izinin mayar da shi fim, Feuillade ya yi guda 5 daga Mayun 1913 zuwa Mayun 1914: À l'ombre de la guillotine, sai Juve contre Fantômas, sai Le Mort qui tue, sai Fantômas contre Fantômas, na ƙarshe Le Faux Magistrat. In ka haɗa su duka wajen awa biyar da rabi ne. René Navarre ne bos ɗin, wato ɗan ta'addan da ake kira Fantômas, Edmond Bréon shi ne sufeto Juve mai farautarsa, Georges Melchior ɗan jarida Fandor, sai Renée Carl a matsayin Lady Beltham, matar da ta san sarai ko wane ne shi amma ta kasa rabuwa da shi.

Abin da ke riƙe mutum a fim ɗin shi ne bos ɗin ba shi da fuska ɗaya. Tun a buɗe fim ana nuna maka Navarre yana rikiɗa daga wannan kama zuwa waccan, yau likita ne mai gemu, gobe ɗan daba, jibi ma'aikacin banki, a na biyar ma alƙali ya zama yana zaune a ofis yana sa hannu a takardun kotu. Kuma ba ya nadama, ba a ba ka wani labarin wai talauci ne ya jefa shi ko an zalunce shi yana yaro, mugu ne kawai, kuma kullum shi ke tsira. A na farko ya shiga ɗakin wata gimbiya a otal ya kwashe mata kuɗi da sarƙa, ya miƙa mata farin kati babu komai a jiki, bayan ya fita sai sunansa ya bayyana a kan katin. A na biyu ya aika wa Juve ƙaton maciji cikin dare ya naɗe shi a gado, shi kuma Juve ya kwana da wata riga mai ƙusoshi a jiki don ya ji ƙishin-ƙishin wani abu zai zo, sannan akwai inda suka kama shi hannu bibbiyu a bakin titi sai kawai ya zame ya bar su riƙe da hannayen jabu. Na ukun shi ne ya fi tayar min da tsigar jiki, inda ya feɗe fatar hannun wani mamaci ya yi safar hannu da ita, duk inda ya yi ta'asa sai 'yan sanda su ga zanen yatsun mutumin da suka san ya mutu. A 1913 fa ake wannan tunanin, lokacin da binciken zanen yatsa ma sabon abu ne a wajen 'yan sanda.

Les Vampires kuma yaƙi ne ya haife shi in ka duba. Yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a Agustan 1914, aka kwashe maza aka kai fagen daga har da 'yan fim, harkar ta tsaya cik na wani lokaci. Da aka dawo aiki sai Gaumont suka ji abokan hamayyarsu Pathé na shirin sako wani fim mai dogon zango na Amurka wanda Pearl White ke ciki, da sunan Les Mystères de New York, sai suka ce wa Feuillade ya yi maza ya riga su. Kashi na farko ya fita ranar 13 ga Nuwamban 1915, na goma kuma na ƙarshe ranar 30 ga Yunin 1916, duka wajen awa bakwai. Kar sunan ya ruɗe ka ka saya da zaton masu shan jini za ka gani, ƙungiyar 'yan fashi ce da ta sa wa kanta wannan suna, masu shiga baƙaƙen kaya matsattsu suna bin rufin gidaje. Mai farautarsu ɗan jarida ne, Philippe Guérande, wanda Édouard Mathé ya fito a matsayinsa, da abokinsa Mazamette mai ban dariya, Marcel Lévesque kenan. Amma maganar gaskiya ba don su ake tuna fim ɗin ba, don Musidora ake tuna shi, wadda ta fito a matsayin Irma Vep, mace 'yar ƙungiyar 'yan fashin, kuma ita sai a kashi na 3 ma ta fara bayyana.

Wajen kallo Les Vampires ya fi sakin jiki. Da yake ana yi ana ƙirƙirar labarin ne, kuma ana iya kiran ɗan wasa soja a tsakiyar aiki, sai ka ga shugaban ƙungiyar ya mutu an kawo wani, daga Grand Vampire zuwa Satanas zuwa Vénénos, ga kuma Moreno ɗan wata ƙungiyar daban mai juya mutane da kallon ido. Wanda ya mutu a wannan kashin zai iya tashi a na gaba. Akwai 'yar rawa da ta fito dandamali da shigar jemage ta faɗi matacciya saboda zobe mai guba, akwai liyafar da aka tara manyan Paris aka kulle ƙofofi aka sako musu iskar sa barci sannan baƙaƙen inuwoyin nan suka shigo suna cire musu sarƙoƙi, akwai Satanas da ke da igwa a ɓoye cikin ɗakinsa yana harbawa ta taga. Titunan Paris kuma ka gan su fayau ba mutane, don da gaske lokacin yaƙi ne, kuma wannan kaɗai ya ba fim ɗin wani yanayi da ba a iya shiryawa da kuɗi. Har 'yan sandan Paris sun dakatar da nuna shi na ɗan lokaci saboda yadda yake nuna su a matsayin marasa kataɓus yana kuma ƙawata ɓarayi. Fantômas ya fi shi tsari, kowane fim na da farko da ƙarshe don daga littafi aka ɗauko, amma ya fi shi nauyi da tafiya a hankali, kyamara na tsaye wuri ɗaya ana ta abu a gabanta, wanda bai saba ba sai ya yi haƙuri da rabin awar farko kafin idonsa ya koyi duba bayan ɗaki da ƙofofi da labule inda ainihin abin ke faruwa.

To yanzu maganar tarawa, wadda ita ce ta kawo mu.

Abu na farko da kowa ke saya faifai ne, kuma a nan Fantômas ya yi gaba. A 2013 da fim ɗin ya cika shekara 100 Gaumont suka yi masa sabon gyara na 4K, wato aka sake ɗauko hoton daga tsohon zaren fim da inganci mai yawa aka tsaftace shi, kuma bambancin a bayyane yake, kana ganin zanen fuskar bangon ɗaki da rubutun wasiƙun da ake nunawa da duwatsun titi, abubuwan da a tsofaffin kwafi duk sun zama hazo. Kamfanin Kino na Amurka sun fitar da shi a DVD a 2010, wannan tsohon gyara ne, sannan suka fitar da Blu-ray a 2016 daga sabon gyaran, da sharhin David Kalat a kan fina-finai biyun farko. In za ka saya ka tabbatar wanne ake miƙo maka, don suna ɗaya kamfani ɗaya amma hoto ba ɗaya ba. Sai dai ka sani na biyar ɗin, Le Faux Magistrat, bai iso mana cikakke ba, akwai wuraren da suka ɓace aka cike gurbinsu da rubutu, wannan ba laifin faifanka ba ne, haka yake a ko'ina.

Les Vampires shi ma yana da bugu fiye da ɗaya kuma kowanne da halinsa. Akwai wanda David Shepard ya shirya, ya fara fita a kaset ɗin bidiyo a 1998 sannan Image Entertainment suka sa shi a DVD a 2000, da kiɗan Robert Israel, kuma yana da rinin launi irin na zamanin, shuɗi in dare ne misali. Akwai na Artificial Eye na Birtaniya, sai Blu-ray ɗin Kino na 2012 wanda aka ɗauko daga gyaran da Cinémathèque française, gidan adana fina-finai na Paris, suka yi a 1996, da Jacques Champreux, jikan Feuillade ɗin kansa, ya sa ido a kai, da kiɗan Mont Alto Motion Picture Orchestra. Masu tarawa da yawa suna ajiye na Shepard da na Kino duka biyun saboda kiɗa da launi sun bambanta, kuma a fim marar magana kiɗa ba ƙaramin abu ba ne, awa bakwai za ka yi da shi a kunnenka, in bai yi maka ba fim ɗin ma ba zai yi maka ba. Wato dai shi Les Vampires tun a matakin faifai zai iya cin kuɗinka sau biyu, Fantômas kuwa faifai ɗaya mai kyau ya wadatar.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye, Blu-ray yana da shiyya. Amurka shiyyar A ce, mu Afirka da Turai shiyyar B muke, to faifan da aka kulle wa A ba zai buɗe a na'urar da aka sayo daga Turai ba sai in irin mai karanta kowace shiyya ce, don haka a duba bayan kwali ko a tambayi mai sayarwa kafin a biya kuɗin aikowa da na kwastam. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu jin Faransanci su kam sun huta, bugun Gaumont na Faransa zai yi musu, ga shiyya ta dace ga rubutun da ke fitowa tsakanin fitowa da fitowa a harshensa na asali. Wanda Turanci kawai yake ji shi ne zai nemi na Kino ko na Birtaniya. Kuma tunda Feuillade ya rasu tun 1925 fina-finan suna nan birjik a intanet kyauta, ni shawarata ma ka fara kallon kashi ɗaya ko biyu a can ka ji wanne ya shiga ranka, sai dai yawancin kwafin da ke yawo sun dushe, wasu kuma an sa su gudu fiye da kima mutane na tafiya kamar ana korarsu, don an ɗauki fim ɗin da saurin da bai kai na zamanin sauti ba, in aka kunna shi a hoto 24 cikin daƙiƙa sai komai ya yi sauri. Kar ka yanke wa fim hukunci da irin wannan kwafin.

Inda tazarar ta fi fitowa fili shi ne takarda. Fantômas yana da littattafai 32 na asali, kuma bangayensu kaɗai sun isa mutum ya shekara yana bi. Na farkon shi ne sanannen zanen nan, ƙaton mutum cikin baƙar kwat da doguwar hula da abin rufe ido, ya tako birnin Paris da ƙafa ɗaya, wuƙa a hannunsa. Sauran kuma Gino Starace ne ya zana su, launi mai ƙarfi, kowanne da wani abin firgici a kai. Da aka zo yin fostar fim ɗin 1913 wannan zanen na farko aka ɗauko amma aka cire wuƙar, hannun ya zama dunƙule kawai, kuma mai tarawa ya riƙe wannan don yana taimakawa wajen gane ko hoton bangon littafi ake nuna maka ko na fosta. Takardar da aka buga littattafan da ita mai arha ce ƙwarai, irin wadda ba a yi ta don ta daɗe ba, kamar dai littattafan soyayyar nan na kasuwar Kano da ake karantawa a ba maƙociya har bango ya cire, kowa na da su a lokacin amma yau nemo mai cikakken bango aiki ne. Wannan shi ne daɗin abin a wajen mai tarawa, an buga su da yawa don haka ana samu, amma mai lafiya ƙalau yana da wuya, kenan akwai na mai ƙaramin ƙarfi akwai na mai babban ƙarfi.

In da ni ne zan fara, ba zan ce sai na haɗa 32 ɗin ba. Biyar zan nema, waɗanda aka yi fim ɗin da su, na 1 da na 2 da na 3, sai na 6 mai suna Le Policier apache wanda shi ya zama Fantômas contre Fantômas, sai na 12, Le Magistrat cambrioleur, wanda ya zama fim na biyar. Littafi biyar a gefen faifai ɗaya, ka ga tarin yana da ma'ana, yana da iyaka, kuma in ka karanta za ka ga inda Gaumont suka sassauta, misali a littafin farko wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Valgrand da aka yaudara ya yi shigar Fantômas an fille masa kai da gaske a madadinsa, amma a fim Juve ya gano shi kafin a kai ga haka. Sai dai a kula, an sake buga littattafan sau da yawa bayan haka, wasu an taƙaita su an canja musu suna da bango, don haka ganin sunan Fayard a jiki kaɗai bai isa ya sa ka biya kuɗin bugun 1911 ba, ka nemi hoton bango gaba da baya da farashin da aka buga a jiki. Wanda karatu kawai yake so ba tsufa ba, akwai sabon bugu a jerin Bouquins na kamfanin ɗab'i na Robert Laffont, na Turanci kuma Penguin sun sake fitar da littafin farko.

Bayan littattafan ma akwai wani reshe. Mawaƙa da masu zane na Paris sun haukace a kan Fantômas, Apollinaire da Max Jacob har ƙungiyar masoyansa suka kafa, Juan Gris ya sa littafin a wani zanensa na 1915, Robert Desnos ya rubuta masa doguwar waƙa da aka sa a rediyo a 1933 da kiɗan Kurt Weill, René Magritte kuma a 1943 ya sake zana bangon farkon ya sa fure a inda wuƙar take. Ba wanda zai ce ka sayi zanen Magritte, amma littattafan baje kolin zane da katuna masu ɗauke da waɗannan hotunan suna shiga tarin, kuma ba su da tsada.

Les Vampires ba shi da wannan zurfin a takarda. Shi fim ne aka fara yi, daga baya Georges Meirs ya mayar da labarin littafi aka buga a kamfanin Tallandier a 1916, kuma bai yi kusa da yaɗuwar na Fantômas ba. Abin da yake da shi fostoci ne da Musidora. Fostar tallar farko da aka manna a bangayen Paris kafin fim ɗin ya fita, kan mutum cikin baƙar hular da ta rufe komai sai ido, alamar tambaya naɗe a wuya, da tambayoyi huɗu a ƙasa, wa, me, yaushe, ina, tana cikin fostocin da aka fi sani a tarihin fim gaba ɗaya. Amma ta asali ba abin da ni da kai za mu tsinta ba ne, fostocin wancan zamanin a bango ake manna su ruwa ya dake su a yage, waɗanda suka tsira yawanci suna gidajen adana tarihi ko sai a manyan gidajen gwanjo. Don ka san inda kasuwar fostar fim marar magana ke iya kaiwa, ta Metropolis, fim ɗin Jamus na 1927, an sayar da ita dala 690,000 a 2005. Ba na ce na Feuillade sun kai haka ba, amma in ka ga wani a intanet yana cewa ga orijinal ta 1915 a kuɗin da bai fi na takalmi ba to sabon bugu ce, kuma sabon bugu ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya ka saya ka rataya, laifin shi ne a karɓi kuɗin tsohuwa a ba ka sabuwa. Ta asali da dutse ake buga ta, in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga launin kamar barbaɗin yashi ba tsari, ta zamani kuwa ɗigo-ɗigo ne a jere reras. Babbar fostar Faransa santimita 120 ce a 160, takardar siririya, galibi da alamar ninki, kuma masu gyara kan manna ta a kan yadi don kar ta ƙarasa yagewa.

Abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya samu na gaske a ɓangaren Les Vampires shi ne katunan hoton Musidora da tsofaffin mujallun fim da suka yi rubutu a kanta. Ita rayuwarta ma abin bi ce, sunanta na gaskiya Jeanne Roques, ta zama darakta da kanta ta yi fina-finai har a Sifen, daga baya ta yi aiki a Cinémathèque française wajen tattara tarihin fim, ta rasu a 1957. Kuma sunan Irma Vep bai mutu ba, Olivier Assayas ya yi fim da wannan suna a 1996 da Maggie Cheung, ya sake yin mai dogon zango a 2022 da Alicia Vikander, duk lokacin da irin wannan ya fito masu neman kayanta ƙaruwa suke yi. Don haka wanda zuciyarsa ke wajen jaruma ɗaya, yana son tarinsa ya zama na mutum ba na labari ba, ko mai sha'awar tarihin mata a harkar fim, shi kam Les Vampires ne nasa ba tantama, kar ya saurari abin da na faɗa a sama.

Akwai tarko ɗaya a ɓangaren Fantômas da ya kamata in faɗa, sunan ya yi yawa a kasuwa. An yi wani a 1932 wanda Paul Fejos ya ba da umarni, sannan ga guda uku na barkwanci na 1964 da 1965 da 1967 da Jean Marais da Louis de Funès, inda bos ɗin ke sa fuskar roba mai shuɗi-shuɗi, ga kuma littattafan zane na Meziko masu wannan suna. In ka rubuta sunan kawai a wajen nema kusan duk abin da zai fito maka na shekarun 1960 ne. Ka riƙa haɗawa da Feuillade ko Navarre ko 1913. Les Vampires ba shi da wannan matsalar sosai, nasa ruɗanin da fina-finan masu shan jini ne kawai.

Sai maganar zaren fim ɗin kansa, don na san akwai wanda burinsa ya riƙe naɗin fim na gaske a hannu. A kan duka biyun amsata ɗaya ce, a'a. Duk fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 na wancan zamanin da sinadarin naitiret aka yi shi, haka aka ci gaba har wajen 1951, kuma abu ne mai kamawa da wuta da kansa in ya tsufa ya ji zafi, in ya kama kuma ruwa ba ya kashe shi. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a 1937 a lokacin zafi ta tashi, ta cinye mafi yawan fina-finansu marasa magana, kuma binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace gaba ɗaya. Wanda yake zaune inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu ga wutar lantarki ba tabbas, wallahi bai kamata ya kwana da wannan abu a gida ba, iyalinsa ma yake jefawa a haɗari. Ƙananan zaruruwa na kallon gida, milimita 9.5 da Pathé suka fito da shi a 1922 da milimita 16 na Kodak na 1923, su ba sa kamawa da wuta haka, amma suna da tasu cutar, in zafi da laima suka haɗu sai su fara warin tsami kamar binega su yamutse, kuma in ya fara ba ya komawa baya. Mu gode wa irin su Henri Langlois na Cinémathèque française da suka tsare kwafin Feuillade har suka iso mu, wannan aikin na masu ɗakin sanyi ne.

Takarda ma sai an kula da ita a ƙasarmu, kuma tunda Fantômas tarin takarda ne wannan nauyin a kansa ya fi faɗawa. Gara ce babbar abokiyar gaba, sai laimar damina, sai ƙurar hunturu da ke busar da takarda ta riƙa karyewa a gefe. Littafin da ya haura shekara 110 ba a ajiye shi a ƙasa ko jingine da bangon da ke tsotsar ruwa, a sa kowanne a ledarsa ta adana takardu ba ledar kasuwa ba, a kwantar da shi a akwatin ƙarfe mai murfi a ɗakin da rana ba ta duka, a riƙa buɗewa ana dubawa musamman a watan Agusta. Kar a sa masa salatif ko gam ko da bangon ya rabu, yadda ya zo a bar shi, don gyaran gida yana zubar da darajarsa fiye da yagewar. Kati da hoto sun fi littafi juriya da sauƙin aikowa a ambulan, wannan kuma maki ne ga mai bin Musidora, tarinsa gaba ɗaya zai iya shiga albam ɗaya ya sa a durowa. Fosta ko da sabon bugu ce kar a rataye ta inda hasken taga ke faɗawa, jan launi shi ke fara dushewa.

Wajen biya kuma, ka nemi mai sayarwa ya turo hoton abin da kansa ba hoton da ya ɗauko a wani wuri ba, da shafin ciki inda sunan maɗaba'a yake, ka tambaya ko akwai shafin da ya ɓace ko an sake ɗinke shi, kuma ka lissafa kuɗin aikowa da inshora tun farko don sau da yawa a kan ƙaramin littafi ko kati kuɗin hanya na iya kamo kuɗin kayan. In mai sayarwa ɗaya yana da biyu ko uku daga cikin biyar ɗin da kake nema gara ka haɗa su a aiko lokaci ɗaya, ko ka jira wani ɗan uwa mai dawowa daga Faransa ya riƙo maka a jakar hannu.